Yadda Ake Auna Digirin Kamshaf da Daidaita Taimin Yayin Haɗa Inji

A yawancin garejin gyaran mota, idan aka zo ɗaura kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawul ɗin inji, abin da bakanike yake yi shi ne ya nemo ɗigon da ke jikin giyar kamshaf da wanda ke jikin giyar kiranshaf, sandar da fistin ke juyawa, ya sa su fuskanci juna, ya ɗora sarƙa, ya rufe. Ga injin da ba a taɓa canza masa komai ba tun fitowarsa daga kamfani, hakan ya wadatar. Amma idan ana haɗa inji ne da kamshaf na ƙarin ƙarfi, irin wanda yake buɗe bawul sosai kuma ya daɗe bai rufe shi ba, ɗigon nan biyu da'awa ce kawai ta wanda ya ƙera giyar, kuma sai an auna kafin a gaskata ta.

Dalili shi ne kuskure yana iya shigowa ta ƙofofi da yawa. Ramin ki na kiranshaf, wato inda ɗan ƙarfen da ke hana giya zamewa yake zama, yana iya kaucewa da digiri ɗaya, ɗan ƙarfen da ke riƙe giya a kan kamshaf ya kauce da wani digirin, ɗigon kansa ya zama ba a buga shi daidai ba, sannan sarƙa ta ƙara nata sakwarkwacewar. Idan kamshaf ɗin a saman inji yake, akwai kuma wata ƙofar da kanikawan ƙasarmu suka sani sarai: duk injin da ya taɓa tafasa har aka kai top silindarsa aka yi mata fesin, wato aka kankare fuskarta ta daidaita, tazarar da ke tsakanin kamshaf da kiranshaf ta ragu, kuma wannan ragin yana ja da taimin baya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ƙarami ne, amma idan suka karkata ɓangare guda sai a iske kamshaf ya kauce da digiri huɗu ko biyar, mai mota kuma ya yi ta mamakin yadda ya kashe kuɗi amma motar ta rasa ƙarfin tashi.

Domin lissafin ya zauna a kan abu na zahiri, za mu ɗauki injin Chevrolet 350 mai silinda takwas, ɗan gidan injinan da aka fara ƙerawa a Amurka a 1955, wanda girmansa ya kai lita 5.7, tare da kamshaf samfurin XE268H na kamfanin Comp Cams. Ƙa'idar da ke kan wannan injin ita ce a kan injin Toyota ko Honda.

Katin kam da abin da ke cikinsa

Kowane kamshaf na kirki yana zuwa da ɗan kati mai ɗauke da lambobinsa, kuma aikin gaba ɗaya bai wuce kwatanta abin da inji ya nuna da abin da katin ya faɗa ba. Sai an tuna cewa kiranshaf yana zagayawa sau biyu, wato digiri 720, kafin kamshaf ya zagaya sau ɗaya, kuma kusan duk lambobin katin da digirin kiranshaf aka rubuta su. Inda fistin ya kai ƙarshen hawansa shi ne ƙololuwa, wanda katin yake rubutawa TDC, inda ya kai ƙarshen saukarsa kuma shi ne gindi, wato BDC.

Katin XE268H ya nuna cewa tozon shiga, wato tudun da ke jikin kamshaf wanda yake ɗaga bawul ɗin da ke shigar da iska da mai, yana aiki na tsawon digiri 224, tozon fitar hayaƙi kuma digiri 230, idan aka fara ƙirga daga lokacin da tafet, wato ɗan ƙarfen da ke zaune a kan tozo yana bin sa, ya ɗagu da inci 0.050 zuwa lokacin da ya dawo wannan matsayi. Lambar 268 da ke cikin sunan an auna ta ne a inci 0.006, inda tafet yake motsi a hankali ƙwarai har ba a iya tantance digirinsa da kyau, shi ya sa ba a dogara da ita wajen awo. Kamfanonin Japan da Turai sukan yi amfani da milimita 1 maimakon inci 0.050, wanda yake daidai da milimita 1.27, don haka a duba da wanne aka rubuta katin kafin a fara. Tazarar da ke tsakanin tsakiyar tozon shiga da tsakiyar tozon fita digiri 110 ce, kuma wannan kaɗai da digirin kamshaf ake lissafa ta. A jikin ƙarfen aka sassaƙa ta, ba mai iya canza ta a injin mai kamshaf ɗaya. Lambar da za mu bi ita ce tsakiyar tozon shiga, wadda katin ya ce ta faɗo a digiri 106 bayan ƙololuwa. Da yake 106 ya gaza 110 da huɗu, ma'anarsa kamfanin ya riga ya tura kamshaf ɗin gaba da digiri huɗu tun wajen ƙira. Wanda bai lura da wannan ba, ya ji ana cewa tura kamshaf gaba yana ƙara ƙarfi, sai ya ƙara wasu huɗun a kai ya tashi da takwas.

Kayan aikin ba su da yawa. Ana bukatar faifan digiri, wato faifai mai zanen digiri da ake ɗaurawa a kiranshaf, kuma gwargwadon faɗinsa gwargwadon sauƙin karanta rabin digiri a kansa, agogon awo mai nuna kashi ɗaya cikin dubu na inci, tare da ƙafarsa mai maganaɗisu, matokarin fistin mai tare shi kafin ya kai ƙololuwa, guntuwar waya mai ƙarfi da za a lanƙwasa ta zama manuni, da tafet daskararre wanda ba ya aiki da mai. Tafet mai aiki da mai yana lotsawa idan aka danne shi ba tare da inji yana aiki ba, sai ya ba da lambar ƙarya. Kuma dole ya zama irin wanda kamshaf ɗin yake bukata: mai shafaffen gindi ga kamshaf irin wannan, mai ƙaramar taya ga kamshaf ɗin da aka ƙera don taya.

Neman ƙololuwa ta gaskiya

A nan ya kamata a ɓata lokaci, domin duk lambar da za ta biyo baya a kan wannan take zaune, kuma idan aka kuskure digiri biyu a nan, kamshaf mai lafiya ma sai ya bayyana kamar ya kauce da digiri biyu.

Bayan an sa kamshaf da giyoyi da sarƙa ɗigo da ɗigo, sai a kawo fistin na silinda ta ɗaya kusa da ƙololuwa da ido. A injin Chevrolet, silinda ta ɗaya ita ce ta gaba a ɓangaren hagu idan mutum yana zaune a cikin mota. A ɗaura faifan a hancin kiranshaf, a ɗaure wayar a wani noti na jikin bulok, a lanƙwasa bakinta ya tsaya dab da lambobin faifan a kan sifiri. Bakin wayar ya zama mai tsini kuma kusa da faifan sosai, domin idan ya yi nisa, wanda ya duba daga dama da wanda ya duba daga hagu ba za su ga lamba ɗaya ba. Kada a riƙa juya inji da notin da ya riƙe faifan, saboda juyi ɗaya na baya ya isa ya kwance shi faifan ya goce ba a sani ba. A yi amfani da soket na musamman mai kama ki, ko a juya daga baya ta wurin fulayiwil.

Mutum zai iya tambaya me ya hana a ɗora agogon awo a kan fistin kawai a duba inda allura ta tsaya. Amsar tana cikin yadda fistin yake tafiya. A wannan injin, mai tafiyar fistin inci 3.48 da konrod mai tsawon inci 5.7, idan kiranshaf ya matsa digiri ɗaya daga ƙololuwa, saukar fistin ba ta kai rabin kashi ɗaya cikin dubu na inci ba, wato allurar agogon da ƙyar za ta motsa. Amma a wajen digiri 30 daga ƙololuwa, kowane digiri ɗaya yana motsa fistin kusan inci 0.019, abin da agogo da matokari duka za su kama ba tare da shakka ba. Lamarin kamar neman tsakiyar rana ne: da wuya a kalli sama a ce yanzu ne, amma idan aka lura da lokacin da inuwar sanda ta kai wani tsawo da hantsi da lokacin da ta sake kai wannan tsawon bayan azahar, rabin tsakaninsu shi ne tsakiyar.

Saboda haka sai a sauke fistin kaɗan, a ɗaura matokarin. Idan ba a sa top silinda ba tukuna, wanda shi ne ya fi sauƙi, matokarin faffaɗan ƙarfe ne da ake gicciyawa a bakin silinda, da noti a tsakiyarsa yana leƙawa ciki. Idan an riga an sa ta, akwai wanda ake murɗawa a ramin filogi, amma sai an sassauta rokokin silinda ta ɗaya, wato ƙarafan da ke danna bawul, don kada bawul ya buɗe ya bugi matokarin ya lanƙwashe. A kowane hali da hannu ake juya inji, a hankali, kuma a cire kan batir idan injin yana cikin mota. A juya ɓangaren da hannun agogo yake bi har fistin ya taɓa matokarin, a rubuta lambar da manuni ya nuna, sannan a juya baya kusan zagaye guda har ya sake taɓawa daga ɗaya ɓangaren, a rubuta. A ce an sami 34 a gefe ɗaya da 30 a ɗaya gefen. Jimillarsu 64, rabinta 32. Ba tare da an motsa kiranshaf ba, sai a lanƙwasa wayar ko a sassauta faifan a juya shi har manuni ya nuna 32. A sake yin zagayen duka biyu. Sai lokacin da gefen biyu suka ba da lamba ɗaya za a cire matokarin, daga nan kuma sifirin faifan ya zama ƙololuwa ta gaskiya, kuma ba a sake taɓa wayar ko da gefen riga.

Auna tozon shiga

A shafa ɗan mai mara kauri a tozon da tafet ɗin. Man haɗa inji mai danƙo yana iya riƙe tafet ya hana shi bin tozo a lokacin sauka, don haka a bar shi sai an gama awo. A sa tafet ɗin a ramin bawul ɗin shiga na silinda ta ɗaya. A wannan injin bawul na farko daga gaba na fitar hayaƙi ne, na biyu shi ne na shiga, kuma mutane da yawa sun sha ruɗewa a nan. A kafa agogon awo yadda sandarsa za ta miƙe daidai da layin da tafet yake bi, domin idan ta karkace, abin da agogon zai nuna ba zai yi daidai da ainihin ɗaguwar ba. A juya inji sau biyu ana kallo: allura ta dawo inda ta fara duk lokacin da tafet ya sauka daga tozo, kuma mafi girman ɗaguwa ya zo kusa da inci 0.318, wanda idan aka ninka shi da 1.5 na roka yake ba da inci 0.477 da katin ya ce bawul zai buɗe.

Daga nan a kiyaye ƙa'ida guda: kowace lamba ana ɗaukar ta ne lokacin da inji yake tafiya gaba, ɓangaren da yake juyawa idan yana aiki. Sarƙa tana da ɗan sako-sako, kuma idan aka juya baya, kiranshaf yana motsawa kafin kamshaf ya bi shi. Idan aka wuce wurin da ake nema, a koma baya sosai, sannan a sake tahowa.

A juya har tafet ya kai ƙarshen hawansa, a saita agogon a sifiri. A koma baya har allura ta sauka da inci 0.100, sannan a taho gaba a hankali a tsaya daidai inda ya rage inci 0.050 a kai saman tozo, a karanta faifan. A ci gaba, a haye saman, a tsaya inda tafet ya sauka da inci 0.050 a ɗaya gefen, a sake karantawa. Lambobin biyu duka a ƙirga su daga ƙololuwa. Wasu faifan suna ƙirga daga sifiri zuwa 180, wasu kuma suna kaiwa 90 sai su fara raguwa zuwa gindi; a irin na biyun, idan aka ga 24 kafin gindi, ainihin lambar ita ce 180 a debe 24, wato 156. A ce an sami 64 da 156. Jimilla 220, rabi 110. Katin ya ce 106, ke nan kamshaf ɗin ya yi baya da digiri huɗu. Lamba mafi girma daga ta katin tana nufin jinkiri, mafi ƙanƙanta kuma tana nufin ya yi gaba.

Ni a ganina bai kamata a tsaya a wannan awon kaɗai ba, domin tozon kamshaf na zamani ba lallai ne gefensa biyu su zama iri ɗaya ba. Sau da yawa yana buɗewa da sauri ya rufe a hankali, kuma hakan yana iya sa tsakiyar saman ta bambanta kaɗan da tsakiyar buɗewa da rufewa. Sai a sake saita agogon a sifiri lokacin da tafet yake zaune a bayan tozo, a juya gaba har ya ɗagu da inci 0.050, a karanta, a ci gaba har ya dawo inci 0.050 kafin rufewa, a karanta. Idan kamshaf yana daidai, za a ga ya buɗe a digiri 6 kafin ƙololuwa ya rufe a 38 bayan gindi, kuma 6 da 180 da 38 sun ba da 224. A misalinmu na jinkiri za a ga 2 da 42: jimillar tana nan 224, amma komai ya matsa baya da huɗu. Wannan awon yana da wani amfanin, domin idan jimillar ta fito nesa da 224, matsalar ba ta taimin ba ce. Ko dai agogon bai zauna daidai ba, ko tafet ɗin bai dace ba, ko kuma abin da ke cikin kwalin ba shi ne abin da aka rubuta a bayansa ba. Yana da kyau a duba tozon fita shi ma sau ɗaya, inda ake sa ran buɗewa a 49 kafin gindi da rufewa a digiri 1 bayan ƙololuwa.

Bambancin digiri ɗaya bai kai a kwance komai saboda shi ba a injin da za a hau a titi. Daga biyu zuwa sama a gyara.

Gyara da abin da yake biyo bayansa

Tsallake haƙori ba gyara ba ne. Giyar kiranshaf ta wannan injin tana da haƙora 22, don haka haƙori ɗaya ya haura digiri 16. Idan awo ya nuna kauce mai girman haka, to tun farko ne aka ɗora sarƙar ba daidai ba. Ƙananan gyare-gyare ana yin su ne da giyar kiranshaf mai ramin ki uku, ɗaya na daidai, ɗaya na tura gaba da digiri huɗu, ɗaya na ja baya da huɗu, ko mai rami tara wadda take ba da matakai ƙanana. Kowane rami yana da alamarsa, kuma akwai haƙori mai irin wannan alamar wanda shi ne zai fuskanci ɗigon giyar kamshaf. Haɗa ramin wata alama da haƙorin wata alamar kuskure ne da yake jefa taimin nesa. Akwai kuma ƙananan zobba masu rami a gefe da ake sa wa a giyar kamshaf bayan an faɗaɗa ramin ɗan ƙarfenta. A injinan da kamshaf biyu suke sama, irin su 4A-GE na Toyota da B16 na Honda, ana sa fuli mai sassautuwa, kuma kowane kamshaf ana auna shi daban, da agogon a kan abin da ke danna bawul ɗin. A lura cewa zanen da ke jikin irin wannan fulin yana iya zama da digirin kamshaf, wanda ɗaya daga cikinsa biyu ne a kiranshaf.

Da yake sai an cire faifan kafin a canza giyar, dole a sake neman ƙololuwa daga farko, a sake awon duka. Abin da aka rubuta a jikin giya shi ma sai faifan ya tabbatar da shi.

Wani lokaci mai haɗa inji yakan kauce wa katin da gangan. Tura kamshaf gaba yana sa bawul ɗin shiga ya rufe da wuri, matsin silinda ya ƙaru a ƙaramin gudu, motar ta fi ƙarfin tashi da jan kaya, amma numfashinta ya ƙare da wuri a babban gudu, kuma idan fetur ɗin ba mai jure matsi ba ne inji yana iya fara ƙwanƙwasa. Ja baya yana yin akasin haka. Shawarata ga wanda bai da na'urar gwada ƙarfin inji ita ce ya tsaya a lambar katin, domin waɗanda suka sassaƙa tozon sun gwada shi fiye da yadda za a iya gwadawa a gareji.

Duk inda aka tsayar da shi, sauran awo ɗaya da ba a tsallakewa, wato tazarar bawul da fistin. A ƙarshen fitar hayaƙi da farkon shaƙa, bawul biyun suna buɗe tare alhali fistin yana sama. Bawul ɗin fita ya fi kusantar fistin wajen digiri 10 kafin ƙololuwa, na shiga kuma wajen digiri 10 bayanta. Tura kamshaf gaba yana rage tazarar na shiga, ja baya yana rage ta na fita. Abin da aka saba bi shi ne kada tazarar ta gaza inci 0.080 a na shiga da inci 0.100 a na fita, wato kimanin milimita 2 da 2.5, kuma na fita ya fi bukatar sarari ne saboda ya fi zafi yana miƙewa, sannan fistin ne yake bin sa a baya lokacin da yake rufewa. Hanya mafi sauƙi ita ce a manna lakar roba irin ta wasan yara mai kaurin kusan milimita 6 a kan fistin inda bawul zai sauka, a shafa mai a fuskar bawul don kada ta manne, a ɗora top silinda da gasket mai kaurin wanda za a yi amfani da shi, a sa tafet daskararru, a ɗaure rokoki ba tare da barin sarari ba, a juya inji zagaye biyu cikakku da hannu. Idan aka ji ya cije, a tsaya nan take, kada a tilasta. Bayan an buɗe sai a yanka lakar da reza a auna wurin da ya fi siranta.

Kafin a cire faifan na ƙarshe, a mayar da matokarin a tabbatar gefen biyu suna nan a lamba ɗaya, sannan a tsayar da inji a sifiri. Idan aka sa murfin taimin da fulin gaba, a duba ko zanen da ke jikin fulin ya faɗo a kan sifirin ma'aunin da ke murfin. Idan bai faɗo ba a gyara ma'aunin ko a yi sabon zane, domin da shi za a saita wutar filogi daga baya. A rubuta lambobin da aka samu da ramin kin da aka yi amfani da shi a bayan katin a ajiye. A wannan injin kamshaf ne yake juya distirbita, don haka sai an gama da shi ake saita wuta, kuma a tuna cewa lokacin da ɗigon biyu suke fuskantar juna, silinda ta shida ce take kan tashin wuta. Sai an ƙara juya kiranshaf zagaye ɗaya cikakke kafin a sa distirbita tana nuna wayar silinda ta ɗaya.